Shuɗin Biro a Wuyan Mutum Goma

Talata, 20 ga Agusta 2013, bayan la'asar

Na sayi littafin nan a unguwarmu ta Darrasa don in riƙa rubuta lokutan maganin idon Malam, ga shi na ɓuge da rubuta wani abu daban. To wa zan gaya wa? Kwana shida ke nan da aka sa dokar hana fita. Da ƙarfe bakwai na yamma ta yi, Alƙahira sai ta yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Abin da ya jawo dokar ba zan rubuta shi ba. Ni baƙo ne, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta shekara-shekara ce, gara in iya bakina.

Malam yana falo yana barci. Shi ya rene ni a Katsina tun ina ɗan shekara bakwai, shi ya turo ni karatu Masar, shi ya ba ni 'yarsa Ummukulthum. Ko a takarda hannuna ba zai iya rubuta sunansa ba. Ya zo ne a cire masa yanar ido. An yi aikin lafiya, sai gari ya rikice. Likita ya ce ba zai hau jirgi ba sai an sake duba shi farkon Satumba.

A saninsa ni mai gyaran tsofaffin littattafai ne. Ba ƙarya ba ce tsantsa, takarda nake gyarawa. Abin da ban taɓa faɗa masa ba shi ne takardun duk zanen mutane ne. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a shagon Ustaz Hatim a Zamalek, ina wanke tsofaffin zane-zanen Turawa, ina cire musu tabo, ina liƙe inda suka yage. Karatun da aka turo ni kuwa, tun shekara ta uku na ajiye shi. Wannan ya sani, ya yafe. Ɗayan ne ba zai yafe ba.

Laraba, 21 ga Agusta, ƙarfe huɗu

Wani tsohon Bature ɗan ƙasar Holan, wanda muke kira Hawaja kawai, ya kawo aiki. Yana haɗa kayansa zai bar ƙasar, yana son abinsa ranar Lahadi. Takarda ce ɗaya, faɗinta kamar darduma an ninka biyu. An buga ta a Amsterdam, shekara kusan ɗari uku ke nan. Irin waɗanda ake sassaƙawa a farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a danna takarda da injin hannu. Duk jikinta tabon tsufa, ja-ja kamar an fesa mata goro.

Na daɗe ina kallonta da madubin ƙara girma. Mutum goma sha ɗaya ne a ciki, a kan matakala. A can sama wani attajiri a kujera, ciki gaba, sanda a hannu, shi kaɗai ne da hula a kai. Ƙasa da shi mutum biyu a tsaye, sun ɗan sunkuyar da kai. Sai akawu, ya rusuna, hula a hammata. Sai 'yan jirgin ruwa da 'yan dako su shida, kowa ya fi na samansa lanƙwasa. A ƙarshe, a kusurwar ƙasa, wata baƙar mata a durƙushe da tire, an sa mata zoben ƙarfe a wuya.

Abin da ya ba ni haushi ba durƙuson ba ne, mu ma ai muna yi. Aikin hannun ne. Mai sassaƙan nan gwani ne, wallahi. Gashin girar attajirin ɗaya bayan ɗaya ya ja shi, har ƙurjin da ke gefen hancinsa bai manta ba. Akawu ya sami rabin wannan kulawa. 'Yan dako an ba su hanci da baki an wuce. Ita kuwa matar, layuka ne kawai aka gicciya da sauri har wurin ya yi baƙi, aka bar ɗigo biyu fari a ce ido. Ba gajiya ya yi ba. Ya san wanda zai sayi takardar, ya san inda idonsa zai tsaya. A gefen ƙasa an rubuta sunan wanda ya zana, da wanda ya sassaƙa, da mai shagon da ya buga. Wanda ya yi ta juya injin har kafaɗarsa ta sage ba ya cikin lissafi.

Gwaggo Awadiyya ta zo da tsintsiyarta ta leƙa ta kafaɗata. Ita ke share shagon, shekara takwas. Bahaushiyar Sudan ce, kakanta ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai je hajji, ya tsaya a Gadarif, tsayawar ke nan. Tana zaune a unguwar Arba wa Nus. Ita ta ce in riƙa ce mata Gwaggo, ita kuma "ɗan Katsina" take ce mini.

Ta nuna matar da yatsa. "Kai, ɗan Katsina, ashe har da ni aka zana? Ga ni nan, har da tiren shayin Ustaz."

Ta maimaita da Larabci don Ustaz Hatim ya ji. Ya yi dariya har da tari, ni ma na yi.

Alhamis, 22 ga Agusta, ƙarfe biyar da rabi

Na karya doka. Dokar shagon ɗaya ce tak: takarda ba ta fita. To amma na wanke ta da safe, kuma takardar da aka wanke sai an riƙa canza mata takardun shan ruwa akai-akai, in ba haka ba ta kumbura. Ustaz yanzu ƙarfe uku yake rufewa, gobe Juma'a, jibi ma ya ce ba za a buɗe ba. Na sa ta tsakanin katako biyu, na cusa a jaka. Shingen sojoji biyu na wuce, babu wanda ya tambaya.

Tana kan teburina a falo, na ɗora mata littattafai. Ta fito fes, ko tabo ɗaya babu. Ban taɓa yin wanki mai kyan wannan ba.

Juma'a, 23 ga Agusta, ƙarfe uku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Juma'a, bayan magariba

Bari dai in rubuta, ko numfashina zai dawo.

Maganin ɗiga wa ido ya ƙare. Bayan azahar na sauka neman kyamis, duk a rufe, sai da na kai kusan bakin babban titi. Minti arba'in. Na dawo na tarar da Malam zaune a kan teburina, an kawar da littattafan, fuskarsa tana walƙiya. Rabon da in ga haƙoransa haka tun ina yaro.

"Badamasi, zo ka ga ikon Allah. Ido ya buɗe! Har ƙananan layuka ina gani."

Biro ne a hannunsa. Nawa ne ma, shuɗi.

"Na sami wannan cike da surorin 'yan Adam, a ɗakin da muke salla. Na san ba ka lura ba, a cikin littattafan mutane ta zo. Na yanke musu wuya. Yanzu sun tashi daga sura, sun zama kamar itace, sai ka naɗe abin da za ka naɗe da ita."

Haka yake yi tun muna almajirai a zaurensa. Kalanda, kwalin sabulu, littafin boko, duk abin da ke da fuska sai ya ja masa layi a wuya kafin ya kwana a gidan. Ni da kaina na sha riƙe masa takarda yana ja. Shekara uku da ya yi ba ya gani ne suka mantar da ni.

Layi goma. A miƙe, a danne, don Malam ba ya aikin wasa. Attajirin da 'yan dako duk hukunci ɗaya aka yi musu. Ya nuna kusurwar ƙasa da bakin biron.

"Wannan baiwar Allah na ƙyale ta. Na ga an riga an ja mata nata."

Zoben ƙarfen yake nufi.

Me na yi? Na durƙusa. Gwiwoyina ne suka yi abinsu, ban aike su ba. Na ji bakina yana cewa, "Allah ya saka da alheri, Malam. Allah ya ƙara lafiya." Ya ce amin. Sannan na ɗiga masa maganin.

Asabar, 24 ga Agusta, hantsi

Na kulle kaina a ɗakin girki da auduga da ruwan cire tawada. Na gwada a wuyan ɗan dako ɗaya. Shuɗin ya narke ya bazu, ya zama shunayya, ya shiga cikin takardar. Ko da tawadar za ta fita, bakin biron ya tona hanya. Na san wannan tun jiya. Na gwada ne kawai don hannuna ya sami abin yi.

Ummukulthum ta shigo ta rufe ƙofa. Ita ta san aikina tun ran farko.

"Yaya, me za ka ce wa Ustaz?"

"Gaskiya."

"Wace gaskiyar? Cewa wani tsoho baƙo, mai gemu har ƙirji, ya bi wuyan Turawa da biro yana yankawa? A wannan watan? Kai ba ka ga waɗanda ake saukewa daga mota saboda gemu ba?"

Na ce to sai in ce ni ne.

"Wa zai yarda? Kai da kake lallaɓa takarda kamar jinjiri? Za su zo gidan nan su tambaya, kuma ka san Baba. Ko wuƙa aka sa masa ba zai yi ƙarya ba, shi zai fara miƙa hannu ya ce shi ne, har ya ƙara musu da wa'azi."

Ta yi kuka marar sauti. Ta ce in bari ya hau jirgi tukuna. Takwas ga Satumba. Daga nan in faɗi duk abin da na ga dama.

Lahadi, 25 ga Agusta, ƙarfe takwas saura

Na riga kowa zuwa shago. Na mayar da takardar durowa ta uku, na rufe. Ga ni zaune ina jira. Ban yanke shawarar komai ba, na rantse ban yanke ba.

Lahadi, bayan la'asar

Da azahar Hawaja ya zo. Ustaz ya jawo durowar da kansa yana murmushi, yana cewa, "Zo ka ga hannun Badamasi." Ban ɗaga kai ba. Shirun da na ji ya ishe ni.

Hawaja bai yi ihu ba. Ya zauna a kan kujera, ya cire tabarau, ya ce ta kakan kakansa ce. Sannan ya ce yana son sunan wanda ya yi, kuma yana son takardar 'yan sanda, don kamfanin inshora ba zai saurare shi ba sai da ita.

Makullin shagon uku ne: na Ustaz, nawa, na Gwaggo. Ustaz ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya juya ya ƙwala kira, "Ya Awadiyya!"

Ta fito da tsumma a hannu. Ya fara jero mata. Ba ita ce take rufe zanen da ke bangon ɗakin baya da mayafinta in za ta yi salla ba? Ita ce. Ba ita ce ranar Laraba ta ce matar nan ita ce ba? Ita ce, amma wasa take yi. To ta duba da kyau: mutum goma an yanke, wa aka bari?

Ta sunkuya ta duba. Na ga lokacin da ta gane. Ta juyo gare ni, ta yi mini Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗan Katsina, faɗa masa mana. Kai ka san ni."

Na ce, "Ya Ustaz, ni ban taɓa ganin ta da biro ba."

Gaskiya ce. Tir da irin wannan gaskiyar. Ya karɓe makullinta, ya ce khalas, shi ke nan, ta tafi gida ta jira. Ta ninke tsumman tukuna, ta ajiye shi inda take ajiyewa.

Litinin, 26 ga Agusta, da safe

Saura kwana goma sha uku. Kora ce kawai. Kora ana iya gyara ta.

Talata, 27 ga Agusta, ƙarfe biyu

Ustaz ya ce in ga abin da zan iya cetowa. Don haka ga takardar a gabana daga safe har yamma, ni da ita.

Yau na lura da wani abu da ban gani ba da farko. Akawun nan, wanda ya rusuna wa attajiri, hannunsa na hagu yana bayansa, tafin a buɗe yana fuskantar 'yan dako. Cewa yake su yi shiru, su tsaya inda suke. Gaba yana lanƙwasa, baya yana tare hanya. Mai sassaƙan ya san irinsa, ƙila ma shi ne. Na ajiye madubin.

Na tsani kaina. Bari in rubuta shi ƙarara, tun da babu mai karantawa.

Laraba, 28 ga Agusta, bayan magariba

Malam ya karanta shafi huɗu na tafsiri da idonsa, ba wanda ya riƙe masa. Yana karantawa hawaye yana bin gemunsa. Ummukulthum ta dafa masa tuwon shinkafa don murna. Ni ma na yi murna, abin da ya fi ci mini rai ke nan, da gaske na yi murna.

Yana wanke hannu ya ce, "Af, ina takardar nan?"

"Na mayar wa mai ita, Malam."

"Ya dai gode?"

"Ya gode, Malam."

"Madalla. Ka ga, mutane suna son a nuna musu hanya, mu ne muke jin nauyi."

Alhamis, 29 ga Agusta, ƙarfe huɗu

Wata mata ta kira ni, ta ce sunanta Mahasin, maƙwabciyar Gwaggo. Lambata kaɗai suka samu a wayarta ta wanda ba ɗan unguwar ba. 'Yan sanda sun zo da safe sun tafi da Gwaggo, a kan maganar takarda. Sun ce tambayoyi ne kawai. Mahasin ta ce in taimaka don Allah, ni da na san mai shagon.

Na ce in sha Allah.

Na shiga wurin Ustaz. Na ce, "Ya Ustaz, tsohuwa ce, tana da hawan jini." Ya ce abin ya fita daga hannunsa, Hawaja ne ya kai ƙara. Ya ce ma'alish, sai haƙuri. Na tsaya a gaban teburinsa, ban fita ba. Ya ɗago ya ce, "Akwai wani abu?" Na ce babu.

Saura kwana goma.

Juma'a, 30 ga Agusta, hantsi

Na je. Na tsaya a tsallaken titi ina kallon ƙofar wurin da take. Mata sun yi layi da ledojin abinci. Na sayi burodi da cuku da ruwa, na riƙe ledar kusan awa ɗaya. Wani mai kaki ya dube ni sau biyu. Na tuna fasfon Malam yana aljihun rigata tun ranar asibiti. Na juya.

Burodin muka ci da rana.

Asabar, 31 ga Agusta

Saura kwana takwas.

Lahadi, 1 ga Satumba, bayan azahar

Mahasin ta kira. An sake ta. Kwana uku. An sa ta dangwala yatsa a wata takarda, ba ta san abin da ke ciki ba. Na tambaya ya jikinta. Mahasin ta ce, "Ka zo ka gani da idonka, ya akhi."

Na ce zan zo. Ban ce yaushe ba.

Hawaja ya sami takardarsa. Ya ɗauki zanen haka nan da layukansa, ya ce ba ya son kowa ya ƙara taɓa shi. Da zai fita ya miƙo mini hannu, ya ce ya ga wankin da na yi, abin tausayi ne aikin kirki ya lalace a hannun jahilai. Na karɓi hannun da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

Talata, 3 ga Satumba, da safe

Abinci ba ya shiga. Malam ya lura, ya ce na rame, ya yi mini tofi a ruwa. Na shanye a durƙushe.

Ba laifinsa ba ne. Na yi ta juya maganar ina neman inda zan ji haushinsa, na rasa. Ya ga abin da ya ɗauka sharri ne a ɗakin ɗansa, ya gyara. Ni ne na shekara goma sha ɗaya ina ɓoye masa. Ni ne na ɗauko takardar. Ni ne na san makulli uku ne.

Alhamis, 5 ga Satumba, ƙarfe ɗaya

Likita ya ce tamam, ido ya warke, zai iya tafiya. Saura kwana uku.

Lahadi, 8 ga Satumba, bayan la'asar

Ya tafi. A filin jirgi, a gaban jama'a, na cire takalmi na durƙusa, Misrawa suna ta kallo. Ya dafa kaina ya ce, "Ban taɓa samun ka da ƙarya ba, Badamasi. Ka riƙe wannan." Na jira har allo ya nuna jirgin ya tashi.

Ummukulthum ta ce a cikin tasi, "To, Yaya. Yanzu ka je ka sauke nauyin nan."

Gobe.

Litinin, 9 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya

Na faɗa. Tun daga jaka da katako biyu har zuwa durowa ta uku, ban rage komai ba. Na ce a kira 'yan sanda, a kira Hawaja duk inda yake, a wanke matar nan. Na shirya wa mari, na shirya wa kora.

Ustaz Hatim yana shan shayi. Ya ajiye kofin a hankali.

"Ka gama?"

"Na gama, ya Ustaz."

"Ya ibni, ɗana, kai kana ganin ni jaki ne? Takardar da aka wanke ranar Alhamis, na buɗe ta ranar Lahadi a bushe, a miƙe kamar an goge. Wa ya canza mata takardun shan ruwa kwana biyu? Aljanu? Awadiyya kuma, shekara takwas da yatsa take dangwala mini takarda. Layukan nan hannun wanda ya shekara hamsin yana rubutu ne. Ban san wane ne ba, ban kuma so in sani ba. Amma tun kafin in rufe durowar na san daga gidanka ta dawo."

Na ce, "To me ya sa?"

"Hawaja yana son suna. Na duba abin da nake da shi. Mai shara, in na leƙa titi yanzu zan sami goma. Mai hannu irin naka, a duk Alƙahira ba su kai uku ba. Na dube ka ranar, na ba ka lokaci. Ka yi shiru, na gane mun fahimci juna."

Na ce ba mu fahimci juna ba. Na ce zan je da kaina in faɗa musu.

"Je ka. Hawaja yana ƙasarsu, an rufe ƙarar. Za su tambaye ka ina tsohon, ka ce ka sa shi a jirgi jiya. Za su riƙe ka a madadinsa, su soke iƙamarka, matarka ta zauna ita kaɗai a Darrasa. Ita kuma Awadiyya, kwana ukunta za su dawo?" Ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin tebur. "Yalla, kama aiki. Taswira uku ne, duk sun sha ruwa. Ana son su Alhamis."

Na karɓa. Na ce, "Hadir, ya Ustaz." To, ranka ya daɗe, ke nan a Hausarmu. Na kai su teburina, na tara ruwa a faranti.

Talata, 10 ga Satumba, bayan magariba

Na je Arba wa Nus. Mota biyu na hau, sannan na taka. Duk hanya ina maimaita abin da zan ce. Gwaggo, ni ne. Gwaggo, daga gidana aka yi. Kalma kaɗan ce, na haddace ta tsaf.

Mahasin ta kai ni. Ɗaki ɗaya ne a hawa na huɗu, babu komai a ciki sai katifa a naɗe da buhu biyu a ɗaure. Jibi za ta kama hanyar Aswan, daga nan Sudan. Ta ce tun da sunanta ya shiga takardarsu, duk gidan da ta je neman aiki mai gadi sai ya ce an cike. Kuma ba ta iya jin takun takalmi a matakala.

Abin da na gani a fuskarta ba zan rubuta shi ba. Sai na zauna ta damanta take jin maganata.

Ta ƙi yarda in tafi ban sha gahawa ba. Ta aro kofi a wurin Mahasin, nata ta riga ta ɗaure. Ta tambayi idon Malam. Na ce ya warke, ya koma gida. Ta ɗaga hannu ta ce alhamdulillahi, ta ce a can ciki ma ta riƙa tuna shi, tsoho a garin mutane a irin wannan lokaci.

"Shekara takwas, ɗan Katsina. Ko mai gadin benen bai kira ni ba. Kai kaɗai ka tako. Kuma kai kaɗai ka buɗe baki ranar, na ji abin da ka ce masa, ban manta ba."

Na ce, "Gwaggo."

"Na'am."

Ta jira. Tana kallona da idon da yake buɗewa. Gahawar ta zuba a wandona, ta miƙo mini bakin mayafinta in goge.

"Abu ɗaya ne yake hana ni sukuni," in ji ta. "Kai da ka san takardun nan ciki da waje, wa kake zaton ya yi mini wannan?"

Na ce, "Allah ne masani, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai. Ta kama hannuna da hannayenta biyu, ta yi mini addu'a da Hausar kakanta. Allah ya rufa mini asiri. Allah ya ba ni masu tsaya mini kamar yadda na tsaya mata. Sau uku ta maimaita ta ƙarshen, sau uku na ce amin.